Makarantun Sakandaren Gwamnati a Talata Mafara, Bakura da Maradun: Tarihi, Tsarin Karatu da Wasanni

Gabatarwa

Mun tanadi wannan shafi ne domin iyayen yara, da masu unguwanni, da dagatai, da hakimai, da kansiloli, da ma'aikatan sashen ilimi na ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Manufarmu ita ce mu bayyana yadda makarantun sakandaren gwamnati suka samu a wannan yanki, da abin da ake koyarwa a cikinsu, da jarrabawowin da ɗalibai ke rubutawa, da kuma matsayin wasanni a tarbiyyar yaranmu.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, ana auna amfanin makarantar sakandare da yawan yaran da suka shiga aji ɗaya kuma suka daure har suka fita aji shida da takardar shaida a hannu. Yaron da aka cire a aji biyu domin aikin gona ko haƙar zinari, da yarinyar da aka tsayar a aji huɗu, duk sun yi wahalar shuka ba su ga girbi ba. Saboda haka duk bayanin da ke tafe an tsara shi ne domin ya taimaka wa iyaye da shugabanni su raka yaro har ƙarshen waɗannan shekaru shida.

Yankin da Muke Magana a Kai

Ƙananan hukumomin nan uku suna cikin mazaɓar Sanatan Zamfara ta Yamma, tare da Anka, Bukkuyum da Gummi. Garin Talata Mafara yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Gusau zuwa Sakkwato, Maradun tana gabas da shi, Bakura kuwa tana arewa maso yamma. A ƙidayar jama'a ta 2006 kowace ɗaya daga cikin ukun tana da mutane wajen 200,000. Kowace kuma tana da masarautarta: Sarkin Mafara, Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun.

Mafi yawan jama'ar yankin manoma ne da makiyaya da masunta da 'yan kasuwa. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ita ce ta ɗaure ƙananan hukumomin uku wuri guda ta fuskar noman rani, musamman shinkafa da kayan lambu. Wannan ya sa a gidaje da yawa aiki ba ya yankewa rani da damina, kuma ana buƙatar hannun yara a lokacin dashe da lokacin girbi. Duk mai son fahimtar dalilin da ke sa kujerun aji su yi fayau a wasu makonni na shekara, to ya dubi wannan.

Taƙaitaccen Tarihi

Karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Tun kafin zuwan Turawa akwai makarantun allo da zaurukan ilimi a garuruwanmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara a ƙarshen ƙarni na 18. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis suke kai karatu ga matan karkara har cikin gidajensu. Saboda haka neman ilimi ga ɗiya mace gado ne a wannan ƙasa.

Ilimin boko ya shigo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, a 1921 kuma aka kafa Kwalejin Katsina domin horar da malamai. A zamanin En'e, gundumomin Mafara, Bakura da Maradun suna ƙarƙashin Lardin Sakkwato, kuma yaron da ya gama elementare ya ci jarrabawa sai ya tafi Midil ta Sakkwato, wadda a yau ake kira Kwalejin Nagarta. Gurabe kaɗan ne, tafiya kuma da nisa, don haka 'yan ƙalilan ne suka sami wucewa, 'yan mata kuwa sai a ƙirga su da yatsu.

Bayan samun mulkin kai a 1960, yankin ya shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan Jihar Sakkwato a 1976. A watan Satumba na wannan shekara ta 1976 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. Shirin ya cika azuzuwa da yara fiye da yadda aka zata, sai buƙatar malamai ta yi tsanani, aka dogara ga kwalejojin horon malamai masu ba da takardar shaida mai daraja ta biyu. Kwalejin Horon Malamai ta Bakura tana cikin irin waɗannan, kuma ta yaye mutane da yawa da suka riƙe makarantu da ofisoshi a tsohuwar Jihar Sakkwato. Alhaji Abdul'aziz Yari, wanda ya yi Gwamnan Zamfara, yana cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta.

Da yaran UPE suka gama firamare a farkon shekarun 1980, sai ya zama dole a samar musu wurin ci gaba. A daidai lokacin, wato 1982, aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. Makarantun kwana ba za su iya ɗaukar kowa ba, saboda haka aka yawaita makarantun jeka-ka-dawo a manyan garuruwa da hedikwatocin gundumomi. Daga baya, da aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kwalejojin horon malamai na da suka daina aikinsu na asali, aka mayar da yawancinsu makarantun sakandare.

A 1992, zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim na Jihar Sakkwato, aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Talata Mafara, wadda daga baya aka sa wa sunan Injiniya Abdu Gusau. A ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara mai ƙananan hukumomi 14, makarantun yankin suka koma ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi da ke Gusau. A ranar 30 ga Satumba, 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, a birnin Sakkwato, dokarsa kuma ta fito a 2004.

Abin lura ne cewa gwamnoni huɗu sun fito daga waɗannan ƙananan hukumomi uku: Alhaji Yahaya Abdulkarim na Talata Mafara daga 1992 zuwa 1993, Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Alhaji Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Alhaji Bello Muhammad Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023. Wannan ya isa shaida cewa ɗan karkarar da ya yi karatu yana iya kaiwa ko'ina.

Ire-iren Makarantu da Masu Kula da Su

Makarantun sakandaren gwamnati a yankin sun kasu ta hanyoyi uku. Ta fuskar kwana, akwai na kwana da na jeka-ka-dawo. Ta fuskar ɗalibai, akwai na maza da na 'yan mata. Ta fuskar fanni kuma, akwai na gama-gari, da na kimiyya da fasaha, da na Larabci da addinin Musulunci. Daga cikin sanannu akwai Sakandaren Agwaragi a garin Talata Mafara, da Sakandaren 'Yan Mata ta Jangebe da ke kudu da garin, da Sakandaren Jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun.

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta ɗora wa uba ko mariƙi alhakin sa yaro makaranta da tabbatar da ya kammala. Wanda ya ƙi, a karo na farko za a yi masa gargaɗi, a karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka kuma tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Dokar ta ware kashi biyu cikin ɗari na dunƙulallen asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin wannan mataki, amma jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta.

A matakin jiha, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ce ke aiwatar da wannan shiri, tana aiki ta hannun sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Manyan sakandare kuwa suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi da hukumominta. A cikin makaranta, shugaban makaranta ne jagora, yana da mataimaka masu kula da sha'anin karatu da na mulki, da malamin kowane aji, da malamin wasanni, da jami'in jarrabawa. A makarantar 'yan mata ta kwana akwai uwar ɗalibai mai kula da ɗakunan kwana. Bayan waɗannan akwai ƙungiyar iyaye da malamai, da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ya ƙunshi wakilan sarauta, malaman addini, mata, matasa, tsofaffin ɗalibai da masu sana'a.

Tsarin Karatu

Shekarar karatu tana da zango uku, tana farawa wajen watan Satumba ta ƙare wajen Yuli. A kowane zango ana tara wa ɗalibi maki daga gwaje-gwajen aji da aikin gida, sannan a haɗa da makin jarrabawar ƙarshen zango. Wannan maki na yau da kullum yana shiga cikin sakamakon jarrabawar fita, don haka yaron da ke fashin makaranta yana zubar da makinsa ne tun kafin ranar jarrabawa ta zo.

A ƙaramar sakandare kowane ɗalibi yana ɗaukar darussa iri ɗaya: Turanci, Lissafi, Hausa, kimiyya, sanin zaman jama'a, tarihi, addini, kasuwanci, kiwon lafiya da motsa jiki, da ilimin kwamfuta. Ana kuma koyar da Larabci. A babbar sakandare ɗalibi yana zaɓar ɗaya daga manyan fannoni. Mai son likitanci, aikin jinya, injiniya ko aikin gona zai shiga ajin kimiyya, ya ɗauki Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son shari'a, aikin jarida, harsuna ko addini zai shiga ajin adabi. Mai son akanta ko harkar banki zai shiga ajin kasuwanci. Muna jan hankalin iyaye su zauna da yaro da malamin ajinsa kafin wannan zaɓi, domin wanda bai ɗauki Kemistiri a aji huɗu ba, ƙofar makarantar jinya ta rufe masa tun daga nan.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta rage yawan darussan da ake ɗora wa yaro, ta kuma taƙaita darussan sana'a zuwa shida: haɗa wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwon dabbobi, kwalliya, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da noman lambu da amfanin gona. Duk wanda ya san kasuwar Talata da fadamun Bakolori ya san cewa babu ɗaya cikin waɗannan da ba ta da masu nema a yankinmu.

Darasin Hausa yana da matsayi na musamman a nan. Ɗalibai suna nazarin nahawu, al'adu, rubutaccen adabi da adabin baka, kuma biyu daga manyan makaɗan fada da ake nazari a kansu har a jami'o'i 'yan wannan yanki ne: Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya yi suna a Maradun, da Alhaji Sa'idu Faru na ƙasar Maradun. Turanci kuwa shi ne harshen da ake rubuta kusan dukkan jarrabawa da shi, kuma a nan ne yaran karkara suka fi samun tuntuɓe. Maganinsa shi ne yawan karatun littattafai tun daga aji ɗaya, da shiga ƙungiyoyin muhawara da kacici-kacici.

Jarrabawowi da Abin da ke Bayansu

A ƙarshen aji uku ɗalibi yana rubuta jarrabawar kammala ilimin bai-ɗaya, wadda da ita ake shiga babbar sakandare ko kwalejin fasaha. A ƙarshen aji shida akwai hukumomi huɗu da ke shirya jarrabawar fita. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta ƙasashen Afirka ta Yamma ce. Hukumar NECO ta ƙasa ce, an kafa ta a 1999, ta yi jarrabawarta ta farko a 2000. Hukumar NABTEB tana kula da kwalejojin fasaha da kasuwanci, Hukumar NBAIS kuma tana kula da makarantun Larabci da addinin Musulunci.

Ana ba da sakamako daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, D7 da E8 ci ne mai rauni, F9 kuwa faɗuwa ce. Mai neman jami'a yana buƙatar kiredit biyar a darussan da suka dace da fanninsa, ciki har da Turanci, a zama ɗaya ko biyu. Lissafi dole ne kowa ya rubuta shi, kuma kiredit a cikinsa sharaɗi ne ga masu neman kimiyya, fasaha da kasuwanci. Bayan haka sai jarrabawar Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ana rubuta darussa huɗu ne a kan maki 400, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Ba a yin rajistarta sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Muna roƙon iyaye su tabbatar sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da rajistar makaranta, domin bambancin harafi ɗaya yana iya jawo wahala mai tsawo.

A shekarun baya hukumomin WAEC da NECO sun riƙe sakamakon ɗaliban makarantun gwamnatin jihar saboda bashin kuɗin jarrabawa da ya taru. Gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta hau a 2023 kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamba na wannan shekara, ta biya basussukan, aka saki sakamakon. Duk wanda ya rubuta jarrabawa a waɗancan shekaru bai karɓi nasa ba, ya tuntuɓi jami'in jarrabawa na makarantarsa.

Wanda ya sami sakamako mai kyau ba sai ya yi nisa ba. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara wadda aka kafa a 2018. A Bakura akwai Kwalejin Aikin Gona. Akwai Kwalejin Ilimi a Maru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda. A Gusau akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai horar da mata a fannin fasaha. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma tana Sakkwato.

Wasanni

Manufar ilimi ta ƙasa ta sa motsa jiki cikin abin da ya wajaba makaranta ta koyar. Bisa al'ada, ana raba ɗaliban makaranta gida-gida, yawanci huɗu, kowane gida da launinsa da sunansa da malaminsa. Sau ɗaya a shekara ana yin gasar gidaje, galibi a zango na biyu lokacin hunturu, kafin zafin bazara ya kankama. Ana yin maci, da tseren mita 100, 200, 400, 800 da 1,500, da tseren miƙa sanda, da tsallen tsawo, da tsallen sama, da jifa, da jan igiya. Ana gayyatar sarki ko hakimi, da shugaban ƙaramar hukuma, da iyaye, a ba gidan da ya fi maki kofi.

Ƙwallon ƙafa ita ce wasan da maza suka fi so, kuma daga gasar azuzuwa ake zaɓar 'yan wasan makaranta. Ana kuma yin ƙwallon raga da ƙwallon hannu, waɗanda suka fi dacewa da makarantun 'yan mata, domin ba su buƙatar fili mai girma, kuma ana iya yin su cikin katangar makaranta da sutura ta kamala, a ƙarƙashin kulawar malamai mata.

Kada a manta da wasanninmu na gado. A langa, ɗan wasa yana riƙe ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar, abokansa suna kare wanda ake kira ruwa har ya isa wurin sha. Wasa ne da ba ya cin ko kwabo, amma yana koyar da ƙarfin ƙafa da dabara da haɗin kai. Langa da kokawa da dambe duk sun shiga Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Ƙasar Zamfara da Sakkwato ta daɗe da suna a fagen dambe, kamar yadda labarin Shago, wanda Ɗan'anace ya waƙe, ya nuna. A makaranta dai langa da kokawa mai alƙali da ƙa'ida sun fi dacewa, dambe kuwa a bar shi ga manya.

Ɗalibin da ya yi fice yana iya wakiltar shiyya, sannan jiha. Akwai gasar makarantu ta ƙasa, akwai kuma Gasar Matasa ta Ƙasa da aka fara a 2013, wadda a yanzu ake yi domin 'yan ƙasa da shekara 15. A irin waɗannan gasa ana tantance shekaru, don haka takardar haihuwa ta gaskiya tana da amfani a nan ma. Hukumomin ɗaukar soja, ɗan sanda da sauran jami'an tsaro su ma suna gwada ƙarfin jiki.

Amfanin wasanni mafi kusa shi ne suna riƙe yaro a makaranta. Malamai sun san cewa akwai yaran da ƙwallo ce ke kawo su da safe, har karatu ya kama su. Don haka muna kira ga hakimai da jami'an filaye su kare filayen makarantu daga masu yanka su su yi gona ko shago ko gida. A lokacin zafi a yi wasa da sassafe ko bayan la'asar, a tanadi ruwan sha da akwatin agajin gaggawa, a watan azumi kuma a sassauta.

Jarrabawar Shekarar 2021

Ba za a ba da tarihin waɗannan makarantu a tsallake 2021 ba, domin a cikinta aka taɓa kowace ɗaya daga ƙananan hukumomin uku. Da tsakar daren 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka shiga Sakandaren 'Yan Mata ta Jangebe suka tafi da ɗalibai 279, waɗanda aka sako ranar 2 ga Maris. Nan take gwamnati ta rufe makarantun kwana na jihar. A tsakiyar watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka kashe mutane, aka sace ɗalibai 15 da wasu ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai sama da 70 a Sakandaren Kaya, aka sako su bayan kimanin kwana 12. Bayan wannan ne aka rufe dukkan makarantun firamare da sakandare, ba a fara buɗe su ba sai a watan Janairu na 2022, su ma kashi-kashi. Makarantar Jangebe ba ta koma aiki ba sai a ƙarshen 2022.

Ɓarnar ba ta tsaya ga watannin da aka rasa ba. Idan makaranta ta daɗe a rufe, wasu yaran sukan shiga sana'a, wasu 'yan matan a aurar da su, wasu iyalan kuma su yi hijira, sai a buɗe a tarar aji ya ragu. Iyayen da suka ji tsoro ba su yi laifi ba, domin ɗa ba abin wasa ba ne. Hakkin hukuma ne ta ba su dalilin natsuwa.

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta duniya a 2015, a 2023 kuma aka buɗe cibiyar kai ɗaukin gaggawa ga makarantu a ƙarƙashin rundunar Sibil Difens. A wannan shekara ce kuma aka faɗaɗa shirin AGILE na Bankin Duniya ya haɗa da Zamfara. Shirin yana gina azuzuwa da makewayi, yana gyara tsofaffi, yana kuma tallafa wa 'yan mata daga gidaje marasa ƙarfi su ci gaba da sakandare.

Abin da ya Rataya a Wuyan Kowa

Ga iyaye: a sa yaro aji ɗaya da zarar ya gama firamare, kada a bari shekara ta wuce. A riƙa duba littattafansa da katin sakamakonsa ko da ba a iya karantawa ba, a sa wani ya karanta. A tsara aikin gona da talla ta yadda ba za su ci lokacin aji ba. Idan hijira ta kama, a nemi takardar canjin makaranta, a kai yaro makarantar garin da aka sauka. Idan aure ya zo wa yarinya kafin ta gama, a sa ci gaba da karatunta cikin abin da za a daidaita a kai da dangin miji, domin garuruwanmu suna buƙatar malamai mata da ungozomomi da ma'aikatan jinya 'yan gida.

Ga masu unguwanni, dagatai da hakimai: a riƙe lissafin yaran da suka gama firamare a kowace shekara, a bi sawun waɗanda ba su wuce ba. A kai rahoton duk wani baƙon motsi kusa da makaranta ga jami'an tsaro ba tare da jinkiri ba. A karɓi malamin da aka turo daga wani gari hannu bibbiyu, a taimaka masa da masauki.

Ga kansiloli, sakatarorin ilimi da kwamitocin makaranta: a riƙa ziyarar ba-zata, a duba rajistar malamai da ta ɗalibai. A kwatanta yawan waɗanda suka shiga aji ɗaya da yawan waɗanda suka kai aji uku da aji shida, maza daban mata daban, a aika wa Ma'aikatar Ilimi alƙaluma na gaskiya. A ba katanga, ruwan sha, makewayin 'yan mata da ɗakin gwaje-gwaje fifiko a kan ayyukan ado. Duk kuɗin da ya shigo asusun makaranta a bayyana shi a gaban taron iyaye.

Kammalawa

Daga zamanin da yaro zai bar Mafara ya tafi Sakkwato neman gurbi a Midil, zuwa yau da akwai jami'a a cikin garin Talata Mafara, an yi tafiya mai nisa, kuma kakanninmu da iyayenmu ne suka sha wahalarta. Abin da ya rage mana shi ne mu tabbatar yaran Jangebe da Kaya da ƙauyukan Bakura sun shiga, sun zauna lafiya, sun kuma kammala. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai neman ƙarin bayani a kan shigar da yaro, canjin makaranta ko karɓar sakamako, ya tuntuɓi shugaban makaranta mafi kusa ko ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya albarkaci zuriyarmu da ilimi mai amfani, amin.